Furen Zabo da Masu Tara Shi

Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Ashe ba a ƙasarmu kaɗai zanen nan ya yi suna ba. Masanan Turai su kan raɗa wa kowace dabba da kowane tsiro suna biyu da Latin, watau harshen Rumawan dā, don masanin Jamus da na Japan su tabbata abu guda su ke zance. Sunan da suka ba zabonmu shi ne Numida meleagris. To, akwai wani fure a fadamun Turai wanda su ke kira Fritillaria meleagris. Kalmar nan ta ƙarshe, meleagris, zabo ke nan da harshen Yunanawa. Wani masani na ƙasar Suwidin, wai shi Linnaeus, shi ya tabbatar wa furen da wannan suna cikin 1753. Mu kuwa, don sauƙin baki, sai mu ce da shi furen zabo, danginsa duka kuma mu kira su firitilariya.

Tsiron bai fi ƙafa guda tsawo ba, siriri ne, ganyensa kamar na ciyawa. A kansa a kan sami fure ɗaya tak, ya sunkuyar da kai ƙasa kamar ƙararrawa. Jikin furen an tsaga shi gida gida, ruwan makuba da fari-fari, daidai wa daida, sai ka ce masaƙi ya zauna ya yi masa rigar saƙi. Wannan zane shi ya jawo masa sunansa na farko ma, gama fritillus da Latin sunan wani ɗan ƙoƙo ne da Rumawa ke kaɗa 'ya'yan caca a ciki. Wani mai haɗa magunguna a birnin Orleans ta ƙasar Faransa, Noel Capperon, shi ya tsince shi a fadamun kogin Luwar, ya raɗa masa suna, ya aika wa masanan zamaninsa labari. Bai daɗe ba bayan haka, aka kashe shi cikin tarzomar addini ta 1572. Allah Sarki! Mutum ya tafi, sunan da ya sa wa ciyawa ya wanzu.

Mai karatu ya yi tambaya, ya ce, ina ruwan malamin makaranta da furen da ko an kawo masa ba zai tsiro a lambunsa ba? Gaskiya ne, ba zai tsiro ba, za mu kuwa faɗi dalili nan gaba. Amma aikinmu ya saba mana da abin da ba ya nuna da wuri. Wanda ya karɓi yaro bai san baƙi ba, ya yi shekara biyar ko shida ya na jiran ranar da zai rubuta wasiƙa da kansa, in ya ji labarin mutanen da ke shuka iri su jira shekara biyar kafin su ga fure guda, dole ya kasa kunne. Ban da wannan kuma, cikin labarin nan akwai wata shari'a da mu ke so mu yanke, ta tsakanin mai son abu da abin da ya ke so.

Dangin firitilariya sun haura iri 130. Ana samunsu tun daga ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, a bi ta Turkiyya da Iran da tsakiyar Asiya, har Sin da Japan, a tsallake teku kuma a same su a yammacin Amurka. In ban da 'yan kaɗan a duwatsun arewacin Afirka, babu su a sauran nahiyar. Kowannensu ya na da albasa a ƙarƙashin ƙasa, a cikinta ya ke ajiye guzurinsa na shekara mai zuwa. Amma ba kamar albasar miya ba ce, wadda ke da riguna busassu masu kare ta. Ta firitilariya kusan tsirara ta ke, fara, mai ruwa ruwa, in aka bar ta a sarari sai ta yanƙwane, in aka matsa ta sai ta ƙuje ta ruɓe. Tun daga nan wahalar mai tara su ta soma.

Babban gidansu shi ne wanda Turawa ke kira kambin sarki, Fritillaria imperialis. Shi kam ba a raina shi: karansa ya kan kai ƙafa uku ko fiye, furanni ja-ja ko rawaya su kewaye kan karan su na rataye, a bisansu kuma ga tukkun ganye tsaye kamar tuntun hula. Asalinsa duwatsun gabashin Turkiyya da Iran, har zuwa Kashmir. Daga lambunan Istambul ya isa Biyana kafin 1580, zamanin da Carolus Clusius ke duba lambun sarkin can, daga hannunsa da na abokansa kuwa ya bazu cikin Turai. In ka ɗaga furen ka leƙa ciki, za ka ga ɗigo shida na ruwan zuma su na ƙyalli, ba su faɗuwa. Saboda haka Turkawa ke kiransa amarya mai kuka, Farisawa kuma su ce hawayen Maryamu. Cikin 1989 wani masani ya ba da labarin ya ga 'yan tsuntsaye a lambun jami'ar Kambirij su na shan ruwan nan, su na ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, aikin da a can mu ka san ƙudan zuma ke yi. Sai dai fa, kyan ɗan maciji gare shi. Albasarsa da ganyensa wari su ke yi. Turawa sun ce warin yanyawa ne, mu da sai mu ce tunku ya gitta. Masu lambu da yawa sun gaskata warin nan na korar ɓeraye.

Wannan da furen zabo kowane mai lambu a Ingila ko Holan ya na iya sayensu a kanti da kuɗi kaɗan. Masu tarawa na ainihi ba su su ke bi ba. Abin da ke hana su barci shi ne ƙanana na kan duwatsu, waɗanda tsawonsu bai wuce inci huɗu ko shida ba, masu fure kore, ko ruwan ƙasa, ko baƙi-baƙi, irin waɗanda baƙo zai taka ya wuce bai sani ba. Kai, akwai ma na Kamcatka da Alaska, mai fure kusan baƙi, mai ɗoyi, ƙudaje ne ke zuwa masa, duk da haka ana nemansa. Mun yi ta juya abin nan a zuci, mun ga dai ba kyau kaɗai ke jan mutanen nan ba. Wuyar abin ita ce rabin daɗinsa.

Ga inda wuyar ta ke. Yawancin ƙananan nan 'yan ƙasar da ruwa ke sauka cikin sanyi ne, rani kuwa ya zo da zafi da fari. A duwatsun Turkiyya da Iran dusar ƙanƙara ta kan rufe su wata da watanni. Da ta soma narkewa, cikin Maris ko Afrilu ko Mayu, gwargwadon tudun wurin, sai su yi wuf su fito, su yi fure, su yi 'ya'ya, su cika albasa, duk cikin 'yan makonni. Kafin zafi ya kankama ganye ya bushe, albasa ta kwanta barci cikin busasshiyar ƙasa har kaka. Ku dubi yadda wannan ya saɓa da namu. Mu ruwanmu cikin zafi ya ke zuwa, sanyinmu kuwa na hunturu busasshe ne, bai kuma kai sanyin da albasar ke bukata kafin ta farka ba. Da za a binne ta a Zariya, damina ta ruɓar da ita ta na barci. Namu masu albasa, irin su albasar kwaɗi, sun san kalandarmu: su yi barci da rani, su tashi da ruwan fari. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Ingila ma ba ta tsira ba, don can ruwa ba ya zaɓen wata. Saboda haka masu tarawa su kan gina ɗakin gilashi. Kada mai karatu ya zaci don ɗumi a ke yinsa. Ba a hura masa wuta, tagoginsa a buɗe su ke dare da rana, iska na ratsawa. Amfaninsa ɗaya, ya zama laima, don mai lambu ya karɓi aikin gajimare a hannunsa, shi ke cewa yau a yi ruwa, gobe kada a yi. A ciki a kan yi dakali a cika shi da yashi, a nutsa tukwanen ƙasa a ciki har wuya, don saiwa ta zauna da sanyi da 'yar laima. Ƙasar tukunya kuwa a kan gauraya ta da tsakuwa mai yawa, don ruwa ya bi ya wuce kada ya kwanta. Wajen Satumba a ba su ruwa na fari sosai, kamar hadarin kaka ya sauka a dutsensu. Cikin hunturu a rage. Da tsiro ya huda ƙasa a ƙara, a riƙa ba shi taki mai ruwa kaɗan kaɗan. Da ganye ya yi rawaya a ɗauke hannu ɗungum. Ƙarshen rani a juye kowace tukunya, a ƙirga albasa, a duba mai ciwo, a sake ƙasa. Wanda ke son ganin irin wannan ɗaki ya na iya zuwa lambun Kew a Landan, inda aka buɗe wani sabo cikin 2006, ko lambun birnin Gotenbag a Suwidin, wanda ya shahara da tarin albasun duwatsu.

Da a ce ƙa'idar nan guda ta wadatar, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Waɗanda suka fito daga Sin da Himalaya, inda damina ke zuwa da rani, in aka busar da su kamar na Turkiyya sai su mutu. Furen zabo shi kuma ɗan fadama ne, ya fi son ƙasa mai laima. Kambin sarki ya na da rami a tsakiyar albasarsa, gurbin karan bara, shi ya sa masu lambu da yawa ke kwantar da ita a gefe bisa yashi, su zurfafa rami kamar inci takwas ko fiye, don kada ruwa ya taru a ramin. Ashe tukunya ɗari a ɗaki guda, kalanda ta fi goma. Mai tara firitilariya dole ya zama ɗalibin labarin ƙasa, ko ya so ko ya ƙi: ya san wace kusurwar dutse tsiron ya fito, yaushe ƙanƙararta ke narkewa, ina ruwanta ke bi. Ga kuma abokan gaba, katantanwa marar kwanso mai aske tsiro cikin dare, da wani jan ƙwaro mai cin ganyen dangin nan, wanda ya kafu a Ingila tun wajen 1939, a kan bi shi ana tsincewa da hannu.

To, yanzu sai mu zo kan shari'ar. Albasar nan da ke cikin tukunya, daga ina ta fito? Hanya biyu ce. Ta farko, a je dutse da magirbi a tono. Ta biyu, a sami iri a shuka.

Na dā sun bi ta farko, ba su kuwa ga laifinta ba. Wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai ritaya, Paul Furse, shi da matarsa Polly, sun yi tafiye-tafiye cikin mota a Turkiyya da Iran da Afganistan tsakanin 1960 da 1966, su na tara tsirrai, su na zana su, su na rubuta inda suka same su. Da yawa daga abin da a ke nomawa a ɗakunan gilashi daga irin tafiyoyin nan ya samo asali, ilmi kuwa ya ƙaru da su ƙwarai. Ba za mu zauna a inuwa mu zagi wanda ya sha rana ba. Amma bayan masani sai ɗan kasuwa ya biyo sawu, shi kuwa ba da jakar hannu ya ke zuwa ba, da buhu ya ke zuwa. Cikin shekarun 1980 albasun daji miliyoyi ke fita daga Turkiyya kowace shekara, na furanni iri iri, talakawan ƙauye su tono a biya su abin da bai taka kara ya karya ba, a sayar a Turai mai saye bai san na daji ba ne. Daga 1989 hukumar Turkiyya ta soma kafa doka a kan cinikin, aka hana fitar da firitilariyar da aka tono daga daji. Abin lura shi ne, ramin da mai ƙauna ya bari a dutse da wanda ɗan kasuwa ya bari, duk rami ne. Albasa ita ce ran tsiron duka, in an ɗauke ta babu saura.

Hanya ta biyu ita ce ta mai haƙuri, wanda aka ce shi kan dafa dutse. 'Ya'yan firitilariya falle falle su ke, marasa nauyi, jere cikin kwanso kamar an tara sulalla. In ka ɗaga ɗaya wajen haske ka na iya hango ɗan tsiron a ciki kamar zare, ta haka a ke gane mai rai da fanko. A shuka da kaka, a rufe da tsakuwa, a bar tukunya a waje sanyi ya dake ta, gama ba ya tsirowa sai ya sha sanyi. Shekara ta fari abin da zai fito ganye ɗaya ne tak, kamar gashin ciyawa, ya yi 'yan makonni ya bushe, ya bar albasa kamar ƙwayar shinkafa. Shekara ta biyu ganye ɗaya mai ɗan faɗi. Ta uku haka. Sai a ta huɗu, ko ta biyar, ko ta shida, kara ya tashi da fure. Wanda ya ɗebi ɗan iri a dutse da izinin masu ƙasa ya bar uwar a wurinta, baɗi ta sake haihuwa. Ƙungiyoyin masu lambun tsirran duwatsu, kamar ta Ingila wadda aka kafa cikin 1929, su kan tara irin da membobinsu suka girbe a gida, su rarraba ta gidan waya kowace shekara cikin 'yan ambulan. A ganinmu wannan ne tarawa ta halal, mai ita kuwa ya fi sanin abin da ya mallaka, don shi ya yi renonsa.

Akwai shaida kuma cewa noma na iya kashe kasuwar mai tono. Wani ɗan ƙarami daga arewa maso gabashin Turkiyya, Fritillaria michailovskyi, mai fure ruwan makuba da bakin rawaya kamar an tsoma shi a kwaɓin gwaiduwa, dā sai wane da wane ke da shi. Manoman Holan suka koyi yawaita shi a gona, har ya zama ana sayar da shi cikin ƙunshi a kantunan lambu. Wa zai hau dutse neman abin da ke kan tebur a bakin kasuwa?

Amma mafi ban mamaki cikin labarin nan daga Sin ya fito, ba kuwa masu lambu ne suka jawo shi ba, masu magani ne. A can an fi shekara 2,000 ana amfani da albasar firitilariya wajen maganin tari. Akwai wani iri, Fritillaria delavayi, mai tsirowa cikin tsakuwar manyan duwatsun Hengduan a kudu maso yammacin ƙasar. Ba ya fure sai ya shekara biyar, albasarsa kuwa ƙarama ce ainun, sai an tono fiye da 3,500 kafin a cika kilo guda. Cikin 2020 masana uku, Yang Niu da Hang Sun na Kunming, da Martin Stevens na jami'ar Exeter a Ingila, suka bayyana abin da suka gano. A wuraren da masu tono ba su cika zuwa ba, ganyen tsiron kore ne, furensa rawaya-rawaya, ana hango shi daga nesa. A wuraren da aka fi tono kuwa, ganye da fure sun koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, daidai da launin tsakuwar wurin, sai an tsugunna an ƙura ido. Masanan sun nemi dabbar da ke cinsa ba su samu ba. Mutum ne dabbar. Ba wai tsiron ya yi wayo ba ne: mai haske shi a ke fara gani a tone, wanda ya saje da dutse shi ke saura ya yi 'ya'ya, 'ya'yansa kuma su gado shi, a kwana a tashi dutsen duka ya zama na masu ɓuya. Mun daɗe mu na koya wa yara cewa zanen zabuwa na taimakonta ɓuya cikin ciyawa. Ba mu taɓa zaton za mu karanta labarin furen da hannun ɗan Adam ya mayar haka ba.

Kada kuma a ɗauka magirbi kaɗai ke kashe su. Furen zabo na Ingila garma ce ta ci shi, da magudanan ruwa, da takin zamani. An ƙiyasta tsakanin shekarun 1930 da 1984 Ingila da Wales sun yi hasarar kashi 97 cikin ɗari na tsofaffin fadamunsu masu furanni. Inda ya saura da yawa shi ne wata fadama a bakin kogin Tems, kusa da wani ƙaramin gari wai shi Cricklade, wadda aka ce ita ke riƙe da wajen kashi 80 cikin ɗari na furen zabon daji na ƙasar. Abin da ya tsare ta ba shinge ba ne, wata tsohuwar al'ada ce ta ɗaruruwan shekaru. Masu gona ba su yankan ingirici sai Yuli ya kama, lokacin furen ya riga ya zubar da 'ya'yansa. Daga 12 ga Agusta mutanen gari na da ikon sakin dabbobinsu su yi kiwo, ranar 12 ga Fabrairu kuma a fitar da su, kafin tsiro ya huda ƙasa. Da ya ke fadamar ta na da masu haƙƙi biyu, mai ciyawa da mai kiwo, babu wanda ya isa ya sa mata garma shi kaɗai. Wanda ya san yadda manomi da makiyayi ke karɓa-karɓa a gona guda bayan girbi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Cikin 1973 hukuma ta mai da fadamar wurin da doka ta tsare, aka kuma bar kalandar yadda kakanni suka ajiye ta.

Kowane Afrilu masu sa kai su kan taru a can, su shimfiɗa ma'auni a ƙasa, su durƙusa su na ƙirga tsiro ɗaya ɗaya, da mai fure da mai ganye guda. Cikin 2012 ruwa ya yi yawa, kogi ya kwanta a fadamar wata da watanni, ba a ko sami yankan ingirici ba. Da masu ƙirga suka zo cikin 2013 sai suka tarar wurin wayam, in ban da ɗaiɗaiku, har aka yi ta juyayi. Ashe albasun na nan ƙarƙashin laka, barci suka zarce da shi. Shekara ta kewayo, cikin Afrilun 2014, fadamar ta sake rufewa da ruwan makuba.